Wasan taɓa fara da yara ke haɗawa a kwamfuta: karatu ne ko ɓata lokaci?

Baban_Ihsan

Assalamu alaikum. Tambayata ga malaman kwamfuta ce da iyayen da ke cikin wannan zaure. Na sa 'yata mai shekara 10 a ajin kwamfuta na ranar Asabar a nan Kaduna, da niyyar ta koyi tsara manhaja. Zango ya ƙare, abin da ta dawo da shi kuwa wani ɗan wasa ne da ta haɗa a Scratch, wata manhajar da ake koya wa yara haɗa wasanni da ita: hoton ƙwaron fara yana nan, farar tana bayyana a allo, ta ɓace, ta sake ɓullowa a wani wuri, wanda ya taɓa ta ya sami maki ɗaya, bayan daƙiƙa 30 wasan ya tsaya. Ita tana ta murna, ni kuwa ban ga ko layi ɗaya na rubutu ba, sai wasu tubala masu launi da ake jawowa ana liƙa wani a jikin wani. Shin wannan ne koyon tsara manhajar, ko kuwa in nemi inda za a fara mata Python, harshen tsara manhaja da ake rubuta umarninsa, kai tsaye kafin in biya kuɗin zango mai zuwa?

Malama_Rabi

Wa alaikumus salam, Baban Ihsan. Kafin ka yanke hukunci, ka zauna kusa da ita ka ce ta buɗe maka cikin wasan, domin abin da ke bayan farar nan ya fi abin da ake gani a allo yawa. Akwai tubalin da ke jiran a taɓa farar kafin ya motsa, wato ta fahimci cewa kwamfuta tana iya sauraren abin da mutum zai yi sannan ta amsa. Akwai ma'ajiyar maki, wadda take da suna kuma lambar da ke cikinta take canzawa. Akwai tubalin maimaitawa da ke sa farar ta yi ta tsalle ba tare da an rubuta umarnin sau ɗari ba, sannan akwai sharaɗin da ke duba agogo ya ce idan lokaci ya cika a tsaya. Waɗannan su ne abubuwan da ɗalibin jami'a yake fara karantawa a darasinsa na farko na tsara manhaja, ko da wane harshe ake koya masa.

Ga kuma lissafi. Filin wasa a Scratch faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360, kuma sifili yana tsakiya, saboda haka daga hagu zuwa dama ana tafiya ne daga -240 zuwa 240. Yarinyar da ke son fararta ta faɗa gefen hagu dole ta yi aiki da lambobin da ke ƙasa da sifili tun kafin a kai ta gare su a ƙaramar sakandare.

Injiniya_Sanusi

Malama, da girmamawa, kin faɗi abin da zai yiwu ta koya, ba lallai abin da ta koya ba. A Scratch akwai tubali guda shiryayye da ke jefa hoto kowane wuri a filin ba tare da yaro ya rubuta lamba ko ɗaya ba, kuma ina kyautata zaton shi aka yi amfani da shi, saboda haka batun -240 bai ma taso ba. Babbar damuwata ita ce yadda ake koyarwar. Malami ya haɗa tubalan a gaban aji, yara ashirin su kwafa, kowa ya tafi gida da wasa iri ɗaya, launin farar kaɗai ya bambanta. Wanda ya kwafa bai tsara komai ba.

Baban Ihsan, ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ka ce mata ta canza dokar wasan ba tare da ta tambayi malaminta ba: wanda ya taɓa wurin da babu fara a cire masa maki ɗaya, kuma duk maki goma farar ta ƙara sauri. Idan ta san inda za ta dosa, ko da ba ta gama ba, to kuɗinka bai tafi a banza ba. Idan ta tsaya tana kallon allo, matsalar ta malamin ce.

Umman_Haidar

Ni ba masaniya ba ce, amma na ga wani abu da idona. Ɗana ya yi irin wannan wasan da balan-balan, sai ya zamana duk lokacin da aka sake farawa makin wanda ya buga a baya yana nan, ƙanwarsa ta riƙa ɗorawa a kan nasa tana cewa ta fi shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya zauna yana bin tubalan ɗaya bayan ɗaya har ya gano cewa bai gaya wa kwamfutar ta mayar da makin sifili ba idan an danna koriyar tutar da ke fara wasan. Babu wanda ya nuna masa. Abin da ya burge ni shi ne daga ranar ya daina cewa kwamfutar ta lalace, ya koma cewa akwai abin da bai gaya mata ba.

Dattijon_Gwale

Wannan muhawara ta girmi mafi yawanmu. A 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka fito da harshen Logo a Amurka domin yara, inda yaro ke ba ɗan kunkuru umarni ya yi gaba ko ya juya, yana barin zane a bayansa. Ra'ayin Papert shi ne yaro ya fi fahimtar abu idan yana gina wani abin da ya damu da shi kuma zai iya nuna wa mutane. Mitchel Resnick, wanda ya yi aiki tare da shi a jami'ar MIT, shi ya jagoranci rukunin da ya fitar da Scratch a 2007, an kuma yi shi ne musamman domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Dalilin tubalan shi ne a ɗauke wa yaro wahalar waƙafi da baka da kuskuren harafi, wanda ke sa shirin gaba ɗaya ya ƙi tashi, a bar shi da tunanin abin da zai biyo bayan wani.

Duk wanda ya taɓa zama shagon tela ya san yaron da aka kawo koyo ba a fara ba shi shadda, takardar buhun siminti ake ba shi ya yanka ya ɗinka. Ba a sa rigar takarda, amma hannun da ya iya daidaita wuyan riga a kanta shi ne zai daidaita shi a kan yadi.

Sadiq_Dutse

Baba, na ɗauka kamfanin Google ne ya yi Scratch, domin haka malaminmu ya gaya mana.

Dattijon_Gwale

A'a ɗana, na MIT ne. Abin da ya kawo ruɗanin shi ne Google yana da nasa tsarin tubalan mai suna Blockly, kuma a kansa aka gina tubalan Scratch 3.0 da ya fito a watan Janairun 2019, da haɗin gwiwar ɓangarorin biyu. Wanda ya faro a Google shi ne App Inventor, wani tsarin haɗa manhajojin waya da tubala, daga baya aka miƙa shi ga MIT.

Zainab_Zane

Duk kun tattaru a kan tubalan, kun bar rabin aikin, wato tsara wasan kansa. Aikina zana fuskar manhajoji ne, kuma idan na zauna da 'ya'yan yayata ba na bari su kunna kwamfuta sai sun amsa mini tambayoyi a takarda. Mene ne za a taɓa? Yaya girmansa? Tsawon wane lokaci zai tsaya kafin ya gudu? Ta yaya mai wasa zai san ya same shi, ƙara zai ji ko hoton ne zai canza? Me ke kawo ƙarshen wasan?

Waɗannan ba tambayoyin yara ba ne kawai. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya dogara ne da nisan abin da kuma girmansa: in ya yi nisa ko ya yi ƙanƙanta, sai an ƙara lokaci. Saboda wannan ne Apple da Google suka sa wa masu yin manhaja mafi ƙarancin girman maɓallin da yatsa zai taɓa, 44 a ma'aunin Apple, 48 a na Google. Haka kuma baligi mai lafiya yana ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya amsa abin da idonsa ya gani, yaro ya fi haka, kuma ba a ma lissafa tafiyar hannun ba. Yaron da ya sa fararsa ta riƙa gudu bayan kowane rabin daƙiƙa, ya kuma mayar da ita 'yar mitsitsiya, zai ga ƙaninsa ya ajiye wasan ya tafi. Idan ya sa ta tsaya daƙiƙa uku, babban yayansa zai yi hamma. Neman abin da ke tsakani, ta hanyar ba wani ya buga kana kallo ba tare da ka sa masa baki ba, shi ne ainihin abin da muke yi a wurin aiki ana biyanmu albashi.

Baban Ihsan, ka tambaye ta me ya sa ta zaɓi daƙiƙa 30. Idan amsar ita ce haka malam ya ce, to Injiniya yana da gaskiya.

Hajiya_Inna

Ni duk wannan bayani bai kwantar mini da hankali ba. Muna fama da yara a kan waya dare da rana, an kira salla suna danne-danne, an aike su suna danne-danne, yanzu kuma mu biya kuɗi a koya musu yadda ake ƙera abin da ke ɗauke musu hankalin? Jikokina idan sun zo hutu sai na ɓoye wayata.

Aminu_Legas

Hajiya tana da hujja, kada mu yi saurin wucewa. Wasan Flappy Bird taɓa allo ne kawai babu wani abu, wani matashi ɗan Biyetnam mai suna Dong Nguyen ya fitar da shi a 2013, duniya ta ɗauka, sannan a watan Fabrairun 2014 shi da kansa ya janye shi daga kasuwa, ya ce mutane sun kamu da shi fiye da yadda ya yi nufi. Sauƙin wasa ba ya nufin ba shi da ƙarfin riƙe mutum.

Nas_Hauwa

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Bari in bambance abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 a kan zaman kallon allo ta shafi 'yan ƙasa da shekara 5 ne: waɗanda ba su kai shekara 2 ba a guje musu shi, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ciwon jarabar wasan kwamfuta da hukumar ta sa a kundinta na cututtuka kuwa yana da sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan karatu da sauran harkokinsa, ya ci gaba duk da yana ganin cutarwar, kuma galibi sai an ga hakan na tsawon wata 12. Ajin ranar Asabar bai kai nan ba.

Abin da na lura da shi a gidana shi ne yaron da ke haɗa wasa ba ya daɗewa yana buga shi, ya fi ɓata lokaci yana gyara, domin ya riga ya san sirrinsa. Duk da haka ina tare da ke a kan a sa iyaka, kuma kwamfutar ta zauna a falo inda kowa ke gani.

Hajiya_Inna

To 'yata, na ji. Amma iyakar nan uwa ce kullum ake bari da tsaron ta.

Abdu_Maradi

Salamu alaikum daga Maraɗi. Ina bin zancen, amma kuna magana kamar kowane gida akwai kwamfuta. Mu abin da ke hannunmu salula ce guda, kuma kuɗin intanet ba kullum ba. Akwai hanyar da yaro zai haɗa irin wannan wasa a salula? Game da ko karatu ne, zan ƙara da cewa a Faransa tun 2017 jarrabawar lissafi ta brevet, wato ta kammala ƙaramar sakandare, tana zuwa da tambaya a kan tsara umarni, kuma da tubalan Scratch ake kawo ta.

Malama_Rabi

Malam Abdu, akwai hanya. Scratch kansa ana iya sauke shi sau ɗaya a kwamfuta ko a babbar waya mai faɗin allo ta Android, daga nan ba ya bukatar intanet, kuma cikin harsunan da za a iya zaɓa akwai Faransanci da Larabci da Hausa. A ƙaramar waya dai tubalan suna matsewa, yaro zai wahala. Abin da aka yi domin waya tun asali shi ne Pocket Code, na aikin Catrobat da ya fito daga jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya, shi ma tubala ne kuma kyauta ne, sannan wasan taɓawa ya fi daɗi a cikinsa domin da yatsa ake taɓawa ba da linzami ba. Ga ƙanana 'yan shekara 5 zuwa 7 akwai ScratchJr da ya fito a 2014, wanda tubalansa hotuna ne, ba sai yaro ya iya karatu ba, sai dai ba shi da ma'ajiyar maki, saboda haka ba za a iya ƙirga ci da shi ba.

App Inventor da Baba ya ambata yana da wani tsohon darasi mai suna MoleMash wanda kusan wasan farar nan ne sak, kuma abin da aka haɗa da shi ana iya sa shi a waya kamar kowace manhaja. Amma a kwamfuta ake haɗawa, galibi kuma da intanet, don haka ba zai dace da halin da ka bayyana ba.

Malam_Idi_Firamare

A makarantar da nake koyarwa babu wutar lantarki balle kwamfuta, amma darasin kwamfuta yana cikin manhajar karatu, dole mu koyar. Na ɗauki dabara daga tsarin CS Unplugged na jami'ar Canterbury da ke New Zealand, wanda ke koyar da ilimin kwamfuta ba tare da na'ura ba. Nakan zana gidaje shida a ƙasa. Yaro ɗaya shi ne fara, na biyu yana jefa ƙwayar ludo ya faɗi gidan da farar za ta koma, na uku yana riƙe da alli yana rubuta maki, na huɗu yana ƙirga lokaci, kuma babu wanda zai motsa sai bisa abin da aka rubuta a katin umarninsa. Idan katin mai alli bai ce ya goge allo a farkon wasa ba, ba zai goge ba, sai ga matsalar ɗan Umman Haidar ta fito a tsakar makaranta, yara suna ta gardama a kan laifin wane ne.

Injiniya_Sanusi

Malam Idi, naka ya fi mini wanda ake yi a gaban kwamfuta ana kwafa, domin yaranka su ke gano gyaran. Baba Dattijo, misalinka ya yi kyau, amma tela ba ya barin yaro a kan takarda shekara uku. Na ga yaran da suka kai shekara 15 suna jan tubala, kuma ranar da aka sa su rubuta layi biyar na Python sai suka ji kamar ba su taɓa koyon komai ba. Tubali yana ɓoye abubuwa. A Scratch kana iya zuba lamba ko kalma a ma'ajiya ɗaya ka haɗa su, ba zai yi maka ƙorafi ba, Python kuwa zai tsaya ya ce ba ya tara kalma da lamba. Shawarata ita ce bayan wasa biyu ko uku, a sake rubuta wasan farar nan da Python, tubalan a gefe ɗaya rubutun a ɗaya gefen, yaron ya ga cewa abu ɗaya ne.

Malama_Rabi

Ban ƙi a tsallaka ba, Injiniya, lokacin ne muka saɓa. Yarinya mai shekara 10 da ke neman harafi ɗaya-ɗaya a madannai za ta ƙare awar darasin tana farautar waƙafi, kuma saƙon kuskuren da zai fito mata da Turancin da ya fi ƙarfinta ne. Akwai sauran aiki a cikin wasan nan kafin ta ƙure shi. Tana iya sa fari da yawa su fito lokaci guda ta hanyar kwafin hoto, inda za ta ci karo da iyakar kwafi 300 idan ta manta ba ta goge waɗanda aka taɓa ba. Tana iya ajiye maki mafi yawa da aka taɓa ci, wanda ke bukatar kwatanta lamba da lamba. Tana iya ƙara kunama wadda taɓa ta ke kawo ƙarshen wasa.

Baban_Ihsan

Na gode muku duka. Na yi gwajin Injiniya jiya da daddare. Batun ƙara sauri ta yi shi ba tare da taimako ba: ta buɗe sabuwar ma'ajiya ta sa mata suna jira, ta sa ta cikin tubalin dakatawa, ta riƙa rage ta. Sai dai ba ta sa mata iyaka ba, saboda haka da maki ya yi yawa farar ta koma walƙiya, babu mai iya taɓa ta. Cire maki kuwa ya gagare ta, ta ce ba ta san yadda kwamfuta za ta gane an taɓa wurin da babu komai ba. A kan tambayar Malama Zainab, ta ce malam 60 ya sa, ita ta rage zuwa 30 domin ƙannenta suna faɗa a kan layi. Yanzu ban san ko wannan cin jarrabawa ne ko faɗuwa ba.

Zainab_Zane

Wanda ya rage lokaci saboda ya kalli masu wasa ya ga suna faɗa, tsara wasa yake yi. Ni a wurina ta ci.

Injiniya_Sanusi

Rabi ta ci, kuma rabin da ta ci ba na kwafa ba ne, wannan na yarda. Amma ina so a lura cewa abin da ya gagare ta shi ne wanda ba a taɓa nuna musu ba, wato har yanzu ba a koya musu bincika jerin tubalan da kansu ba. Wannan tambaya ce da ya kamata ka kai wa malamin kafin ka biya.

Sadiq_Dutse

Ni ma na gwada ban gane ba. Ta yaya ake cire makin?

Malama_Rabi

Sadiq, filin wasan kansa yana da nasa wurin umarni, ba hotuna kaɗai ba. Idan ka zaɓi filin, a cikin tubalan rawaya za ka ga wanda ke jiran a danna filin, sai ka liƙa masa tubalin canza maki ka rubuta -1. Idan yatsa ya sauka a kan farar, nata umarnin ne zai tashi, idan ya kauce, na filin ne. Baban Ihsan, don Allah kada ka karanta mata wannan, ka ce mata kawai ta duba ko filin ma yana jin taɓawa. Daga nan za ta ga makin yana sauka ƙasa da sifili idan mai wasa ya yi ta kuskure, sai ta yanke wa kanta ko za ta bar shi haka ko za ta sa sharaɗin da zai tsayar da shi a sifili.

Abdu_Maradi

Malama, na sauke Pocket Code ya kuma buɗe a salular. Yaron nawa shekararsa 8, bai iya karatun boko sosai ba tukuna. Da wasan taɓawar zan fara masa kai tsaye, ko in fara da na Malam Idi a ƙasa tare da 'ya'yan maƙwabta?